Shebur ɗin da Kuka Yanke daga Hoton Baba

Utaibiyya, Makka,
12 ga Sha'aban, 1440.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Maharazu Idrisu, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar zumunci da addu'ar alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zubaidatu da yara da jikoki. Na ji labarin hawan jinin da ya kwantar da kai kwana uku a watan jiya. Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara sauƙi. Ka rage gishiri, ka kuma rage zaman kwamiti, don ban san wanne ya fi cin jikinka a cikin biyun ba. Duk ranar da na samu shiga Harami ina ambaton sunanka, har a 'yan kwanakin nan da raina yake ɓace da kai ban fasa ba.

Mu nan alhamdu lillahi. Zafi ya fara tun kafin azumi ya ƙaraso, gwiwoyina kuma sun ƙi ni, yanzu sai a keken turawa nake ɗawafi, a bene. An sabunta wa ɗana Abdulwasi'u iƙamarsa, takardar izinin zama, bayan dogon jeka-ka-dawo, hankalinmu ya kwanta. Matarsa Saudat ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Jannat, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce goshin gidanmu ne. Tsohon layinmu na Jarwal dai ba za ka gane shi ba in ka zo, gidan da muka zauna da Baba an rushe shi, otal ne a wurin mai hawa ban san nawa ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Dalili shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Shekarun da ka yi kana darakta sun koya maka cewa da an ce ka yi kuskure sai ka ce layi ba kyau. Takarda kuwa ba ta da layin da zai yanke, don haka ka gyara zama ka karanta har ƙarshe.

A watan Rajab ka kira ni cike da murna, ka ce tsofaffin ma'aikatan reluwe sun haɗa kai sun tayar da ɗaya daga cikin injunan ƙaramin jirgin nan da yake tashi daga Zariya zuwa Jos a da, bayan ya shekara sittin da ɗoriya cikin ciyawa awaki na kwana a ƙarƙashinsa. Ka ce sun shimfiɗa masa guntun dogo, za a hura masa wuta bayan ƙaramar Salla don 'yan makaranta su ga yadda jirgin tururi yake tafiya, kuma za a kafa allon tagulla mai hotuna da sunayen waɗanda suka yi aiki a kansa. Da ka ce min injin lamba huɗu ne, wanda Baba ya yi aiki a ciki, sai da na yi hawaye. Ka roƙi hoton nan guda ɗaya tal da muke da shi na wancan lokaci. Na ciro shi daga ƙasan akwati, Saudat ta ɗauke shi da waya ta tura maka, ina ta sa maka albarka.

Ka san abin da ke cikin hoton, amma bari in tuna maka tunda da alama ka manta. Malam Ja'afaru Banufe, direban jirgin, yana leƙowa ta tagar injin da hularsa ta aiki. Baba yana tsaye a ƙasa kusa da ƙafar jirgin, da singileti da gajeren wando, ya dafa shebur ɗinsa, fuskarsa baƙa ƙirin da ƙurar kwal ba abin da ke haske sai haƙora. To shekaranjiya ɗanka Suhaibu ya saka samfurin allon a zauren waya na dangi, kowa yana ta tura masa tafi da furanni. Na sa tabarau na duba. An yanke hoton daga ƙirjin Baba, shebur ya tafi. An yanke gefen dama, Malam Ja'afaru ya tafi. An wanke fuskar da na'ura har ta yi fes kamar ta ango. A ƙasa kuma an rubuta wai Alhaji Idrisu, direban injin lamba huɗu, daga 1944 zuwa 1957. Wallahi Maharazu, tun rasuwar Inna ban ga abin da ya ɓata min rai irin wannan ba.

Da na kira ka, ka ce in kwantar da hankalina, wai da direba da faya duk cikin injin ɗaya suke, ba wani bambanci. Ka ce yaran yanzu ba su san mene ne faya ba, sai an tsaya dogon bayani cewa shi ne mai zuba kwal yana kula da wuta. Ka ce surukan Suhaibu za su zo bikin, da abokan aikinka na da, kuma ka riga ka daɗe kana faɗa musu mahaifinka direban jirgi ne, ba yadda za a yi yanzu ka janye. Daga ƙarshe ka ce ai girmama shi kuka yi. To in babu bambanci, me ya sa kuka sha wahalar yanke shebur? Kunya ce kawai, ka kira ta da sunanta. Kana jin kunyar aikin ubanka.

Ba na ɗora maka laifin duka, don an haife ka shekara guda bayan an tsige dogon. Kai ka buɗe ido ka ga Baba da farar riga a shagonsa na gyaran fitila da risho a Sabon Gari. Ni kuwa ina da shekara takwas aka rufe layin, kuma na ga abin da ba ka gani ba. Ni da Inna muke wanke kayan aikinsa, sai mun zubar da ruwa huɗu na biyar bai yi fari ba. Na ga yadda yake dawowa daga Jos ba ya iya ɗaga hannu ya kai loma baki sai Inna ta gasa masa kafaɗu da ruwan zafi. Tabon nan na hannunsa na hagu da kake wasa da shi kana yaro, ƙofar murhun injin ce ta yi masa. Da daddare in ya yi tari, baƙi yake tofarwa, kuma wannan tarin bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Jirgin nan ba don mu aka yi shi ba, Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwaso kuza daga Jos, mutane kuma suka samu abin hawa a gefe. Siririn dogo ne, injin ɗan ƙarami, amma hanyar ba ƙarama ba ce. Baba yakan jero mana tashoshin kamar karatu: Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre. Ya ce har Jengre wasa ne, daga nan aiki yake farawa, don dutse za a hau. A hawan nan direba ba shi da abin yi sai riƙe linzami da addu'a, ƙarfin duka daga wuta yake fitowa. In faya ya zuba kwal da yawa wuta ta shaƙe, in ya rage tururi ya faɗi, jirgi ya tsaya a tsakiyar hawa da mutane a bayansa. Ga kuma gilashin ruwa da ba a ɗauke ido daga kansa, don in ruwan tukunyar ya yi ƙasa ba wanda zai tsira ya ba da labari. Ya ce ba zuba kwal ake yi kamar ana cika rami ba, watsa shi ake yi, kusurwa-kusurwa, yadda mace mai hankali take barbaɗa gari a tukunya. Da launin wutar kawai yake sanin abin da take so.

Akwai damunar da ya fi yawan ba mu labarinta. Ruwa ya jiƙa dogon, kwal ɗin ma ya jiƙe, ƙafafun jirgin suna ta juyawa a wuri ɗaya, har ya fara zamewa baya. Fasinjoji maza suka sauka suna bin gefe suna watsa yashi a kan dogo, mata suna ta salati a cikin taragu. Baba ya ce tun daga gindin dutsen har suka hau bai miƙe bayansa ba, yana tsince busasshen kwal da hannu daga ƙasan tulin yana ba wutar. Da suka isa Jos, Baturen da ke kula da layin ya zo yana yaba wa Malam Ja'afaru. Shi kuwa ya kamo hannun Baba ya ɗaga, tafin duk ya saɓule, ya ce wa Baturen ga wanda ya hau da jirgin nan, shi zama kawai ya yi. Ranar aka ɗauki hoton da kuka yanke. Wato mutumin da ya ƙi cin yabon Baba shi kaɗai, shi ne kuka cire don ku ba Baba kujerarsa.

Yanzu zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa maka ba, don Baba bai so a yi ta maimaita shi ba. Ya so zama direba, ya so ƙwarai. Sau biyu ana kiran sa jarrabawa, sau biyu yana dawowa, ba don bai san injin ba, sai don takardar dokokin da Turanci take, shi kuwa makarantar allo ya yi. Yaran da ya koya wa riƙon shebur suka zo suka wuce shi suka koma babban layi suna tuƙi, shi yana nan shekara goma sha uku a bakin murhu. Inna ta ce ranar da ya dawo daga ta biyun bai ci abinci ba, ya ce in Allah ya ba shi ɗa namiji, ko zai sayar da rigarsa sai ya yi boko. Kai ne wannan ɗan. Duk takardar da ka rataye a falonka, daga bakin murhun nan ta fito. Shi ne yau ka ɗauki bokon da shebur ya ba ka kake goge shebur da shi. Wannan ne ya fi min ciwo.

Kuma kada ka ce min ai da yana raye zai ji daɗi. Ni na zauna da shi shekara huɗun ƙarshe a Jarwal, na san amsarsa. Wata rana an yi walimar suna a maƙwabta, tsakar gida cike da 'yan ƙasarmu, maza a gefe guda, mu muna jin su ta bayan labule. Wani mutumin Sakkwato mai son faranta rai ya gabatar da shi ga baƙi, ya ce ga Alhaji Idrisu, tsohon direban jirgin ƙasa. Baba bai bari ya rufe baki ba. Ya ce a'a, shi bai taɓa tuƙi ba, faya ne shi, Idi Faya ake ce masa daga Zariya har Bukuru, direbansa Ja'afaru ne, Allah ya jiƙansa. Mutumin ya ji kunya, ni ma a lokacin na ji kamar in nutse. Da muka koma gida na ce masa ai da ya ƙyale, ba wanda zai bincika. Ya dube ni ya ce abin da Allah bai ba shi ba a Zariya, ba zai zo maƙwabtan Ka'aba ya sata ba.

A shekarar ne kuma muka kai shi ziyara Madina. Ka san akwai tsohuwar tashar jirgi a Anbariyya, ta layin da aka shimfiɗo daga Sham a zamanin Turkawa don mahajjata, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe da yawa. Ya iso Madina, bai taɓa ƙarasowa Makka ba, yaƙi ya zo ya lalata shi. A lokacin tashar kufai ce, injunan suna tsaye sun yi tsatsa. Baba ya hango su daga mota ya ce lallai sai an tsaya. Da ƙyar mai gadi ya bar mu muka matsa. Na zaci wajen zaman direba zai nufa. Ko kallon wurin bai yi ba. Ya sa Abdulwasi'u ya ɗaga shi, ya leƙa ƙofar murhu, ya zura hannu ya shafa cikin. Sannan ya ce shi tausayin mutumin da ya tsaya a nan yake ji, yana ba wuta abinci a cikin zafin wannan sahara, kuma ya yi masa addu'a ba tare da ya san sunansa ba.

Watan jiya na koma, a sabon jirgin nan mai gudu da aka buɗe bara, wanda kafin shayinka ya huce kun wuce Jidda. Tashar Anbariyya yanzu gidan tarihi ce, an gyara injin an shafa masa fenti yana ta ƙyalli, mutane suna ɗaukar hoto a gabansa. Na ji daɗin ganin haka. Na sa Saudat ta karanta min rubuce-rubucen da muka iya bi, muka ji shekaru da nisan hanya da sunayen tashoshi, amma ban ji sunan mai zuba kwal ko ɗaya ba. Ban ga laifin kowa ba, an haura shekara ɗari, wa ya san su? Amma a hanyar dawowa ina ta ce wa kaina mu mun yi sa'a, namu fayan yana da suna, yana da hoto, yana da 'ya'ya a raye da za su tsaya masa. Ashe a daidai lokacin kuna can kuna yanka.

Ka kuma ce min Malam Ja'afaru ba shi da kowa da zai yi magana. Wannan kalma ba ta yi kama da ta ɗan gidanmu ba. Ko da ba shi da kowa, sai a ci hakkinsa? Balle yana da. 'Yarsa Sa'adiya tana nan Tudun Wada, ƙawata ce tun muna kai wa iyayenmu abinci tasha a kwano ɗaya, kuma muna gaisawa duk Juma'a. Shekararta saba'in da biyu, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau yake. Ka yi tunanin a kawo ta bikin nan, jikanta ya karanta mata allo, ta ji an ba wani aikin ubanta, kuma wanin ɗan gidan da suka ci tuwo tare ne. Sannan cikin tsofaffin da suka gyara injin ba za a rasa wanda ubansa ya san Idi Faya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Maharazu, kuma kunyar da kake gudu a gaban surukai ba ta kai rabin wadda za ka sha ranar da wani tsoho ya ɗaga sanda ya nuna allon ya ce ba haka aka yi ba.

Ga abin da na yanke. Ainihin hoton yana cikin wannan ambulan, na naɗe shi a farin ƙyalle. Shekara ashirin da biyar bai bar hannuna ba, yau na rabu da shi. Mukhtaru, ɗan maƙwabtanmu da ya gama Umara zai koma Kaduna, shi zai kawo maka hannu da hannu. Ka ɗauke shi da kanka, ba aike ba, ka kai wa shugaban tsofaffin nan kafin a zuba tagulla, ka ce an yi kuskure a gida. Ba sai ka ce kai ne ba, ka ce yara ne da na'urarsu, na yafe maka wannan rabin gaskiyar. A sa hoton yadda yake, da shebur, da baƙin fuska, da Malam Ja'afaru a tagarsa. Ban faɗa wa Sa'adiya komai ba tukuna, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma na fi so gyaran ya fito daga gare ka. Amma na sa an wanke hoton kwafi biyu, kuma ina da lambar shugaban. In azumi ya kai goma ban ji daga gare ka ba, zan kira shi da kaina, in kuma kira ta.

Ka gaishe min da Zubaidatu, ka ce mata turaren da ta ce in nemo yana hannun Mukhtaru, da dabino da zamzam na buɗa-baki. Ka gaishe da Mu'minat da maigidanta, Allah ya raba lafiya. Ka gaishe da Rabi'u, ka ce ina jiran labarin sakamakonsa. Suhaibu kuma ka ce masa gwaggonsa ba ta fushi da shi, abin da aka faɗa masa ya rubuta, amma ka ba shi takardar nan ya karanta don ya san kakansa. Abdulwasi'u da Saudat da yaransu duk suna gaishe ku.

Abu na ƙarshe. Kai ba ka samu zuwa jana'izar Baba ba, kuma da ka zo Hajji daga baya ba ka tambaya ba, ni ma ban so in tayar maka da hankali ba. A nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne kawai ake ajiyewa, irin na kowa. Mu mata ba ma shiga maƙabartar Ma'ala, daga bayan katanga nake tsayawa in yi masa addu'a, ina kallon fili. Abdulwasi'u da ya sa shi a rami da hannunsa, yau in ka tambaye shi wurin sai dai ya nuna maka sashe. Ban taɓa damuwa ba, haka addini ya so, kuma Wanda zai tashe shi ya san inda yake. Amma ka sani, wannan allon naku shi ne wuri ɗaya a duk duniya da za a rubuta sunan mahaifinmu, kuma sau ɗaya za a rubuta. Ka rubuta mutumin da ya haife mu. In kuwa ba za ka iya ba, ka ce su cire shi gaba ɗaya su bar wurin fili. Ya shekara ashirin da biyar kwance ba suna bai yi ƙorafi ba, amma sunan wani bai yarda ya ɗauka ba ko na minti ɗaya.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya, ya jiƙan Baba da Inna da Malam Ja'afaru. Ina jiran amsarka.

Yayarka,
Hadijatu.